Mai Burodin da Muka Kulle a Gidan Gem

Ku da kuke wucewa ta ƙofar shagona kuna cewa, "Mama Gem ta huta, zama kawai take yi ana miƙo mata kuɗi," ku ja benci ku zauna. Yau ba mai taɓa inji sai na gama magana. Ni ce Saratu uwar Bitrus, daga wani ƙauye a bayan Fadan Kaje. Ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta a bango, zan wuce shi ban gaishe shi ba. Amma a Kafanchan ɗin nan, daga bakin tashar jirgi har cikin kasuwa, in aka kawo sabon wasan gem ana son a san ko zai ci ko zai kwanta, wurina ake kawo shi. Ba gado na yi ba. Koya na yi, kuma ba a kwance ba.

Aikin farko da Oga Sunday ya ba ni shi ne goge faifan gem. Oga Sunday Ibo ne, aikin reluwe ya kawo ubansa garin nan, shi kuma a nan aka yanke masa cibiya. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Gidan bidiyo yake da shi da farko, ni ina sayar da kunun zaƙi a ƙofa. Da kasuwar bidiyo ta mutu ya sayo injinan gem, sai ya ga duk wanda ya ɗauka aiki wasa yake yi. Ya leƙo ya ce, "Mama Bitrus, kai ba za ka yi wasa ba. Shigo ciki." Ya miƙo mini tsohuwar singileti. Faifai ba a goge shi a zagaye kamar ana wanke kwano. Daga tsakiya ake ja zuwa baki, a hankali, kamar ana share wa jariri ido.

Sai hannu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Ku a waje kuke ganinsa yana sheƙi. Ku kwance shi ku ga abin da ke ciki: gumi, garin ƙuli-ƙuli, maiƙon awara, har ƙwayar shinkafa na taɓa cirowa. Akwai 'yar roba a ƙarƙashin kowane maɓalli, ita ake gogewa da auduga. Wanda aka lallasa a ƙwallo ba ya cewa bai iya ba, cewa yake hannu ya lalace. In hannunka yana da abin zargi, to shirya rabon faɗa. Inji kuma ba a ɗora shi a kan katako haka kawai, marfin kwalba ake sa masa a ƙasa iska ta ratsa. Fanka ta inji ce, ba ta mutane ba, mutum ya yi fifita da kwali. Janareta da kunne ake tuƙa shi. In muryarsa ta fara rawa kamar dattijon da ya ɗauki waƙa da sama a majami'a, kashe inji kafin shi ya mutu. Da damina, da ka ji hadari ya yi gyaran murya daga wajen dutsen Kagoro, zare komai daga bango ko ana tsakiyar fanareti. Zagin da na sha a kan wannan ba ya ƙirguwa. Injina kuwa bai taɓa ƙonewa ba.

Duk wannan, mai kai zai iya shi cikin wata. Abin da ya raba mai gidan gem da mai gadin talabijin shi ne auna wasa. Ranar da aka kawo wani wasan tseren mota mai walƙiya, na tsaya baki buɗe ina kallo, Oga Sunday ya ja ni baya ya ce, "Kada ka dubi telebijin. Dubi wuyan mutum." Na duba. Wuyan 'yan wasan a sake yake, suna waige-waige. Ya ce, "Wannan ba zai yi sati ba." Bai yi ba. Wasa mai kyau yana ƙame ƙeya, ka kira mutum da sunansa na baftisma bai ji ba.

Wannan nasa ne. Ni kuma da na buɗe shagona na ƙaro nawa awon, wanda ba wanda ya koya mini: ɗauke wuta. A garin nan ba sai ka roƙa ba, za a ɗauke. To in talabijin ya yi baƙi, dubi abin da mutane za su yi. In suka yi tsaki suka watse, wasan na yatsa ne kawai. In suka zauna suna maganarsa alhali babu komai a gabansu, ya shiga ciki. Ni da na tashi a gindin kakata tana ba mu labari muna ɓare gyaɗa, na san bambancin abin da ke ƙarewa in an yi shiru da abin da ke bin ka har gida.

Na yi shekaru ina cin abinci da ƙwallo da dambe. 'Yan acaɓa da rana, ɗalibai bayan an tashi, masu wankin mota da yamma. Mai kayan makaranta a lokacin aji ba ya taka mini ƙofa, shi ya sa iyayen da ke shiga wasu shagunan da bulala, ni gaisuwa suke tsayawa yi. Sai wayoyi suka zo, kowa ya sa gem a aljihu. Sai shagunan cacar ƙwallo suka buɗe suka kwashe manyan. Na sayar da injina ɗaya bayan ɗaya, ya rage guda, babba, wanda ɗana Bitrus ya saya mini.

Sannan shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa ta zo. Wanda bai ga wannan shekarar ba kada ya ce mini ya san wahala. Ganye ya yi ɗorawa tun damina ba ta raba ba, ka tona ka sami ruwa mai wari. Daga Kachia har nan, gidan da ba ya noman citta yana cin albarkacin mai noma. Uba ba shi da shi, ina ɗa zai samu na gem? Nakan share shago, in goge hannu, in zauna ina jin fanka tana hira da kanta.

Bitrus ya zo daga Kujama, inda yake sayar da abincin kaji. Shi ke biyan hayar shagon, injin ma nasa ne, don haka maganarsa tana da ƙafa. Ya dubi benci babu kowa ya ce, "Mama, na gina miki ɗaki. In na dawo Kirsimeti na sami wurin nan haka, zan sayar da inji in mayar wa mai gida makullinsa. Ki zo ki huta, ki yi wasa da jikoki."

Na ce, "Uwar Bitrus ba kaza ba ce da za a gina mata akurki."

Ya ce, "Kirsimeti, Mama."

Ana cikin haka Oga Sunday, wanda a lokacin ya koma sayar da wasanni, ya aiko mini da wani da duk gidajen gem na garin suka mayar masa. Ya ce, "Ba ƙwallo, ba dambe. Yawo ne da surutu. Mutum ɗaya ke riƙe hannu, kuma ba ya ƙarewa a wata. Auna shi ka gaya mini ko in jefar." Da yake Turanci ne fal a ciki, ya haɗo ni da matarsa, Madam Ngozi, wadda ta yi ritaya daga koyarwa tana zaman gida tana ƙirga ƙudaje. Ita ke karantawa tana juya mini da Hausa, ni ke riƙe hannu. E, ni. Wanda ya yi shekaru yana kwance abu yana ɗaurawa, kuna tsammani bai san inda ake dannawa ba?

Ga yadda wasan yake. Wani gari ne na Turawa, mai sanyi, mai tashar jirgin ƙasa kamar tamu a zamanin da take da rai. An wayi gari an tsinci shugaban tasha a mace a gefen layin dogo. Kai baƙo ne da aka aiko ka gano wanda ya kashe shi. Shi ke nan. Ba mai jan ka da igiya. Ka ga dama ka nufi kasuwa, ka ga dama majami'a, ko bakin kogi, ko ka tsaya a gada kana kallon ruwa har rana ta faɗi. Kowace ƙofa kana iya ƙwanƙwasawa, kowane mutum kana iya tsayar da shi. A wurin gawar muka tsinci ɗan guntun jan gilashi, muka sa a aljihu ba mu san amfaninsa ba. A rigar mamacin kuma akwai garin fulawa.

Aibinsa ban ɓoye wa Oga Sunday ba. Tafiya ta yi yawa, daga tasha zuwa maƙabarta sai ka shanye kofin kunu. Akwai wata mai sayar da kifi, magana ɗaya take maimaitawa kullum kamar aku. Keken doki ya taɓa maƙalewa a cikin bango, rabi ciki rabi waje, dokin yana ta tafiya a wuri ɗaya. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, har na ce mutanen nan yaushe suke shanya? Ga rashin gaisuwa. Mutum ya faɗo gidanka ba "ina kwana", ba "yaya yara", sai "ina kake ranar Talata?" Amma na lura da abu ɗaya: na kira Madam Ngozi in tambaye ta ko za ta sha kunu, ba ta ji ba. Na dubi ƙeyarta. A ƙame.

Ranar da ruwan ƙarshe na shekarar ya sauko, matan da ke tsaga citta a sito na kusa da ni suka fake a shagona. Aiki babu, sun saba fitowa ne kawai ko Allah zai kawo buhu. Shugabarsu Asabe, 'yar Kachia, mace mai murya kamar ƙararrawar coci, ita ke jan waƙa a zumuntar mata. Suka zauna suna matse zani, mu kuma muna wurin jana'izar shugaban tasha a cikin wasan. Asabe ta ce, "Wane ne ya mutu?" Madam Ngozi ta gaya mata. Ta ce, "Ayya. Wannan mai baƙin kaya matarsa ce? Wancan mai riƙe mata lema fa?" Aka ce mataimakin mamacin ne a tasha. Ta ce, "Ɗan albarka. Dubi yadda ya ɗauki akwati da kafaɗarsa."

Sai aka ɗauke wuta.

Ban tashi tada janareta ba. Na naɗe hannu na jira. Ruwa ya tsaya, rana ta fito, ba wadda ta motsa. Wata ta ce ɗan'uwan mamacin ne, gado yake so. Wata ta ce ina, dubi idon limamin cocin nan. Asabe ta ce a tsaya, wa ya ga maƙwabcinsa mai burodi a bakin kabari? Aka kaure da gardama. Har suka fara jefa yarensu cikin Hausa don zafin magana, mai Jaba na yi, mai Bajju na yi. A nan na san abin da sauran gidajen gem ba su gani ba. Su suna lissafin mai riƙe hannu. Wannan wasan na masu tsayawa a baya ne.

Washegari na sa doka. Hannu ɗaya, a wurina. Kowa ya ba da ɗan abin da bai kai kuɗin kofin kunu ba, wanda ba shi da shi ya kawo gyaɗa ko ɗan acca. Inda jama'a suka ce a je, nan za a je, in an rabu a ɗaga hannu. Wanda ya leƙa amsa a waya, shi da Asabe. Ni kuma na riƙe nawa makamin. Akwai 'yar alama da ke juyawa a kusurwar talabijin in wasa yana ajiye inda aka tsaya. Da na ga magana ta yi zafi, an buɗe wata ƙofa ko wani ya fara kame-kame, sai in jira alamar ta gama juyawa, in kashe inji, in ce, "Sai gobe." Kakata ba ta taɓa ƙarasa labari a zama ɗaya ba, shi ya sa gyaɗarta ba ta kwana ba a ɓare ba. Kafin mako ya zagayo matan sun jawo mazansu, tsofaffin ma'aikatan reluwe sun zo suna gyara wa wasan kuskuren sigina, samarin da suka zo yi mana dariya sun maƙale a taga.

Gidan matar mamacin ne ya zame mana matsala. Duk lokacin da muka shiga, wasan sai ya jero tambayoyin da za a yi mata. Madam Ngozi, wadda ita ma mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, ta ce, "Gem yana so mu tambaye shi inda mijinsa ya je da dare."

Asabe ta ce, "Madam, ranar da aka binne uwarki wani ya zo miki da tambaya?"

"Amma wannan ba mutum ba ne, hoto ne."

"Hoto da baƙin kaya. Mama Bitrus, fito da mu."

Haka muka riƙa yi. Mu shiga, mu tsaya shiru kaɗan a matsayin gaisuwa, mu fita. Ko tambaya ɗaya ba mu yi mata ba. Mai burodi kuwa muka sa shi a gaba. Ga garin fulawa a rigar mamaci. Ga shi an taɓa jin su suna cacar baki a kan katanga. Babban laifinsa a wurinmu: ranar jana'izar maƙwabcinsa, bango ɗaya ya raba su, bai zo kabari ba, hayaƙi na tashi a gidansa yana gashin burodi. Asabe ta ce, "Mutumin da zai kunna wuta don ciniki ana binne maƙwabcinsa, me ba zai iya ba?" Aka ɗaga hannu, har tsofaffin reluwe. Na kai mu ofishin 'yan sanda na nuna shi.

Wasan bai hana mu ba. Bai ce mun yi daidai ba, bai ce mun yi kuskure ba. Aka zo aka tafi da mutumin, aka buga katako a ƙofar shagonsa, 'yarsa ƙarama ta zauna a dakali. Matan suka yi guɗa. Ni dai na ga jirgi na ci gaba da shigowa, ruwa na ci gaba da zuba, ba kiɗan ƙarshe.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, da hantsi, Bitrus ya iso da motar ɗaukar kaya. Ashe har ya yi ciniki da mai sayen inji. Ya tarar da benci cike, wasu a kan bokiti, wasu a taga. Ya tsaya turus. Na ce, "Sannu da hanya. Ka ce in ka sami wurin babu kowa."

Ya tambayi wane wasa ne, aka gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Mama, wannan taron na kwana biyu ne. Wasan gano mai kisa, da an san sunan ya mutu. Waya za ta gama shi yanzun nan." Kafin in buɗe baki ya latsa, ya ɗaga murya: "Mataimakin shugaban tasha ne ya kashe shi. Shi ke nan. Kowa ya tafi gida."

Samari biyu suka yi tsaki suka sauka daga taga. Wani tsoho ya laluɓo sandarsa. Direba ya fara kwance igiyar ɗaure kaya. Na dubi makullin shago a ƙusa.

Sai Asabe ta ce, a hankali, abin da ban taɓa jin ta yi ba, "Mai lema?"

Bitrus ya ce, "Shi."

"To wancan bawan Allah da muka kulle fa?"

"Wane?"

"Mai burodi! Yana can a ɗaure, 'yarsa a dakali, mu muka kai shi!" Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "Ba inda za a je. Baba, ajiye sandar nan. Mama Bitrus, kai mu wurin 'yan sanda."

Na kai mu. Madam Ngozi ta karanta abin da babban ɗan sandan ya ce: "Ya ce suna ba shaida ba ne. Ku kuka kawo wancan da bakinku. In kuna da wani, ku kawo abin da zai gani da ido."

Na waiwaya na ce wa Bitrus, "Wayarka ta ba ka suna. Ta buɗe kurkuku mu gani."

Ya ce zai duba yadda ake yi. Asabe ta miƙa masa tafin hannu. Ita ta goya shi ranar da aka yi masa baftisma. Ya ɗora wayar a kai, ta jefa ta cikin kwandon gyaɗa.

Gida ɗaya ya rage ba mu yi tambaya ba. Aka yi ta ja, har wani tsohon reluwe ya ce ai ciyawa ta fito a kabarin, makoki ya yi nisa. Asabe ta yarda, amma ta ce ba za a je hannu rabbana ba. Muka biya kasuwar wasan muka sayi gawayi da ganyen shayi da 'yan kuɗin da baƙon yake da su. Ban san ko wasan zai karɓa ba. Na danna, baƙon ya miƙa. Sai matar ta karɓa, ta ja kujera, ta ɗora ruwa a wuta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce a raina, waɗanda suka gina wannan abu, ko a ina suke, an yi musu rasuwa sun san zafinta.

Ta ce daren da abin ya faru mataimakin ya zo aron fitilar siginar mijinta, ya dawo da ita da asuba jan gilashinta a fashe. Ta ɗauko fitilar. Na ciro guntun da muka tsinta tun ranar farko, ya zauna daram. Fulawar rigar kuwa, mijinta kullum yakan biya ya taya maƙwabcinsa sauke buhu, faɗan katanga tuni suka shirya. Aka tambaye ta me ya hana mai burodi zuwa kabari. Madam Ngozi ta karanta, ta cire tabarau, sannan ta faɗa: "Ya ce burodin da duk masu gaisuwa suka ci a gidan nan, mai burodin ne ya kwana yana gasawa. Ta ƙofar baya ya aiko, bai karɓi ko kwabo ba."

Asabe ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni! Mu da muke dafa wa gidan makoki, yaushe muka taɓa ganin kabari? Muna can madafa muna fama da tukunya ake binnewa! Hayaƙin nan irin namu ne, muka kulle shi a kansa!"

Ba a gama jimami ba sai ga mataimakin ya hango mu da fitila, ya zura da gudu ya nufi jirgin kaya da ke tashi. Nan wasan ya canza, ya koma na yatsa: tsallake shinge, ratsa tsakanin taragu. Na gwada, baƙon ya faɗa kwata. Na sake, ya yi karo da keken doki. Ido na gani, babban yatsa ya tsufa. Mai sana'a ya san inda ƙarfinsa ya tsaya. Na miƙa wa Bitrus hannun ta bayana ban ko waiwaya ba, na ce, "Wanda ya ɓata miya shi zai je cefane."

Bitrus a shagon Oga Sunday ya yi rarrafe, da gem ya girma. Ya karɓa yana cewa sau ɗaya kawai. Ya tsallake shinge, mata suka yi ihu. Ya bi ta ƙarƙashin tankin ruwa, tsofaffin reluwe suna "Hagu! Hagu, ɗan nan, layin dama matacce ne!" Samarin da suka tafi suka dawo a guje. Direba ya yi hon, ya sake yi. Na dubi ƙeyar ɗana. Ko guduma ba za ta lanƙwasa ta ba. Ya yi tsalle ya cafke ƙarfen taragon ƙarshe, ƙafafunsa na lilo, mataimakin ya juyo daga sama. 'Yar alama ta juya a kusurwa, ta gama.

Na miƙa yatsa na kashe inji.

Ihun da aka yi, har masu cacar ƙwallo suka leƙo. Bitrus ya miƙe da hannu a hannunsa ya ce, "Mama! Me kika yi? Na kama shi fa!"

Na ce, "Sai gobe."

"Mama, don Allah, minti ɗaya."

"Ai ka san wanda ya yi kisan. Wasa ya mutu. Ga motarka can tana jira."

Ya tsaya yana duban baƙin talabijin. Ba wanda ya tashi, kowa na faɗin yadda za a yi da mataimakin in an sauko da shi. Can ya fita, na ji yana sallamar direba. Ya dawo yana sosa kai ya ce, "Gobe ƙarfe nawa?"

Na ce, "Bayan cin kasuwar safe. Ka zo da kuɗin shiga, bencin nan ba na gado ba ne."

Washegari muka fito da mai burodi. Asabe ta sa doka kullum sai an biya shagonsa an sayi burodi kafin a je ko'ina, kuma haka aka yi har muka gama da garin. Ɗakin Kujama, na ji kaji ne a ciki. Oga Sunday ya zo jin hukunci, na ce masa: tafiya ta yi yawa, mai kifi aku ce, dokin a yi masa addu'a. Amma wasan da zai bar ka ka zalunci mutum, ya bar ka da abinka har ka dawo da ƙafarka ka gyara, ba a jefar da shi. In akwai ƙannensa a kawo.

To, wanda ya ce zama kawai nake yi, ga auduga, ga hannu an jiƙa shi da maiƙon awara. Kwance shi in gani.